Kiran da Ya Faɗo Falonmu

Ranar Asabar ɗin ina zaune gaban keken ɗinkina a kusurwar falo, ina fama da hannun wata riga da mai ita ta ce za ta zo karɓa kafin yamma, sai ga Auta ya turo ƙofa da kafaɗa, rungume da wata baƙar lasifika. Auta ƙanen mijina ne. Ya ba talatin baya, yana aiki a kantin magani, amma har gobe ba mai kiransa da wani suna a danginsu.

"Anti, yau gidan nan sai ya girgiza," ya ce.

"Ka je ka girgiza naka ɗakin. Ba ka ga aiki nake ba?"

Mijina, wanda kowa ke kira Dogo, yana kwance kan doguwar kujera, ƙafafunsa sun zarce hannunta. Direban motar kai kaya ne, kuma Asabar ce kaɗai ranar da yake miƙe bayansa. Yara suna wajen mahaifiyata. Da ya ga lasifikar sai ya tashi zaune kamar an tsikare shi.

Talabijin ɗinmu ta tsufa, muryarta ta shaƙe kamar mai mura. Duk ƙarshen mako 'yan'uwan nan biyu sukan jona mata na'urar gem ta Auta su buga ƙwallo, su yi ta ƙorafin ba sa jin ihun 'yan kallo. Auta ya ce a shagon mai gyaran rediyo na bakin layinmu ya samo lasifikar, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Ba ta buƙatar kebul, da bulutut take aiki, har makirfo gare ta na amsa kira. Da yake talabijin ɗin ba ta san wani bulutut ba, ya taho da wani ɗan abu mai kama da akwatin ashana, ya soka a bayanta, ya ce shi zai riƙa tura sautin ta iska.

Sun ɗan jima suna danne-danne kafin ta kama. Da ta kama kuwa, sai da almakashina ya motsa a kan tebur. Sai dai akwai matsala: sautin na zuwa a makare. Ƙwallo ta shiga raga, ɗan wasa ya gama tsalle, sannan mai sharhi ya ƙwala ihu.

"Wannan mai sharhin naka a ƙasa yake tahowa?" in ji Dogo.

"Yaya, ka yi haƙuri mana. Kashe ta zan yi in sake kunnawa."

Ya kashe, ya kunna. Bai yi ba. Ya zare ɗan akwatin ashanar, ya hura ramin kamar mai fifita wuta, ya sake kashe lasifikar. Da ya kunna a wannan karon, fitilarta ta yi shuɗi tun kafin ya mayar da abin a bayan talabijin. Ta yi 'yar ƙara alamar ta haɗu da wani abu.

"Da me ta haɗu?" Dogo ya tambaya.

Kafin Auta ya buɗe baki, muryar mace ta cika falon, da ƙarfin da aka saita wa ihun filin ƙwallo.

"Baba! Baba, me ka ce? Ban ji ba, sake faɗa!"

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Auta ya kalli yayansa, ya yi 'yar dariya.

"Ikon Allah. Wayar wani ce ta shigo."

Muryar ta yi tsit. Da ta dawo, ta sauya gaba ɗaya.

"Wane ne wannan? Wa ke magana? Me kuke yi da wayar babana?"

"Baiwar Allah, mu ba mu..."

"Ku nawa ne a ɗakin? Wallahi in kuka taɓa shi... Ku ɗauki abin da za ku ɗauka, don Allah ku bar shi, tsoho ne, ba shi da lafiya!"

Auta ya kai hannu zai kashe. Ban san lokacin da na tashi na doke hannun ba. Na durƙusa gaban lasifikar, na rage ƙarar, na yi sallama. Na ga jin muryar mace zai fi kwantar mata da hankali.

"'Yar'uwa, ki saurare ni. Ba ɓarayi ba ne. A falona nake, da mijina da ƙanensa. Lasifika muka saya ta hannu, muna kunnawa sai ga muryarki. Ba mu ga babanki ba, ba mu san shi ba."

Ina jin numfashinta. Bayanta akwai hayaniyar mutane da ƙarar injuna.

"Baƙa ce? Mai madauri a sama?"

"Ita ce."

"Ni na saya masa," ta ce. "Saboda kunnensa. Innalillahi. Shi ya kira ni yanzu, maganarsa ba ta fita daidai, kamar ya ce ya faɗi, sai kawai na ji ku."

Auta ne ya fara gane abin da ya faru, na ga fuskarsa ta zube. Ya ce wayar tsohon ba ta manta lasifikar ba, shi ya sa da muka kunna ta fizge kiran. Kuma abin ba ya cin dogon zango.

"Yaya, mutumin nan a cikin benen nan yake. Ko samanmu, ko ƙasanmu, ko bayan bangon nan."

Na tambaye ta lambar ɗakinsa. Sai ta fashe da kuka. Ba ta sani ba. Bai daɗe da tarewa ba, ita kuma a wani gari mai nisa take aiki, a masana'anta, ba ta samu hutun zuwa ganin wurin ba tukuna. Abin da ta sani, hawa na uku ne, kuma ya taɓa ce mata tagarsa na kallon tankin ruwa. Mu muna hawa na biyu. Shekarunmu a benen nan, amma in ka cire waɗanda muke haɗa baranda da su, sauran sai dai gaisuwar matakala.

Dogo har ya zura takalmi. Na ce ya tsaya.

"Muddin abin nan na kunne, babanta ba ya jin ta, ita ma ba ta jin sa. Yana can yana magana shi kaɗai."

"To a kashe."

"In mun kashe mun rasa ta."

Na ce mata kada ta kuskura ta katse kiran, don ba mu san ko zai iya sake ɗauka ba. Na ce ta ari wayar wani kusa da ita ta kira ni. Na karanto mata lambata, bakina na harɗewa, sai da na maimaita. Muka tsaya mu uku muna kallon wayata a kan keken ɗinki. Ba ta yi ƙara ba. Auta ya fara cewa ko ta rubuta ba daidai ba. Sai ta haska.

Na ɗauka, Auta ya danna madannin lasifikar, shuɗiyar fitilar ta mutu.

A kunnena na ji ta tana kiran "Baba, Baba" a ɗaya wayar. Shiru. Ta sake kira. Sannan ta ce da ni, "Yana nan. Yana nishi. Ina jin famfo na zuba. Ku yi sauri, don girman Allah."

Muka hau matakala da gudu, Auta na kiran motar asibiti a tasa wayar. A hawa na uku, ƙofofi uku ne a ɓangaren da ke kallon tanki, dukansu na ƙarfe, fenti iri ɗaya. Dogo ya doki ta farko. Wata mata ta buɗe da jariri a kafaɗa, ta ce ita ba ta san wani tsoho ba, ta dai ga ana shigo da kaya kwanakin baya, amma ba ta lura da wace ƙofa ba. Sauran biyun muka buga, muka yi sallama, muka kara kunne. Ko motsi babu. Dogo ya kwanta ya leƙa ta ƙasan kowace, bai ga komai ba sai duhu.

"In ɗauko lasifikar in kunna a nan," in ji Auta, "inda ta fi kamawa..."

"Kada ka sake," na ce. "Ka taɓa raba su sau ɗaya, ya isa."

Na ga maganar ta soke shi, amma ba lokacin rarrashi ba ne. 'Yar tsohon ce ta kawo dabara. Ta ce mu buga ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ita za ta saurara ta wayar babanta. Na ce kowa ya yi shiru. Matar nan ta shige da jaririnta da ya fara kuka. Dogo ya dunƙule hannu ya doki ƙofar tsakiya.

"Na ji, amma can nesa," ta ce.

Ya matsa ta ƙarshe, ya doka.

"Ita ce! Wannan ce!"

"Kin tabbata?"

"Sake buga ta tsakiyar."

Ya sake. Ya koma ta ƙarshen.

"Ita ce, wallahi ita ce."

Dogo ya ja baya ya banke ta da kafaɗa. Ƙofar ko gezau, shi ne ma ya dafe kafaɗar. Auta ya ruga ya dawo da maigadin benen, wani dattijo mai sanyin jiki, yana haki. Maigadi ya ce shi ba ya riƙe makullin kowa. Mai gidan ne kawai ke da su, shi kuwa ya yi tafiya. Ya kira shi, wayar na ta ƙara ba a ɗauka.

"A kira mai walda na tsallaken titi ya yanka," in ji Dogo.

Maigadi ya tare ƙofar da jikinsa. "A'a, Dogo. Ba za a yanka ƙofar mutane ina tsaye ba. In babu kowa a ciki fa? Wa ya ga tsohon? Murya kuka ji a rediyo. Ni za a kora, ba ku ba."

"Matsa, Baba."

"Ba zan matsa ba sai mai gida ya ce."

Na ga jijiyar wuyan mijina ta tashi. Na san shi, ba ya faɗa, amma in ya fara ba ya jin kira. Na shiga tsakaninsu, na manna wa maigadi wayata a kunne. Ban ji abin da ta gaya masa ba. Na dai ga idonsa ya sauka ƙasa, ya ce, "To, 'yata. To." Ya miƙo mini wayar, ya matsa gefe, ya ce shi da kansa zai je ya kira mai waldan, don ya fi jin maganarsa.

Jiran nan ne ya fi komai tsawo. Auta ya ce masu motar asibiti sun ce suna tafe, amma hanya a cushe take. Maƙwabta suka fara fitowa, kowa da tambayarsa. Ni kuwa ina tsugune a bakin ƙofa, bakina a jikin ramin makulli, ina cewa, "Baba, maƙwabtanka ne. Ga mu nan. Yanzu za mu buɗe." Ban san ko yana ji ba. A kunnena 'yarsa na yi masa magana a hankali, tana ba shi labarin abin da za ta taho masa da shi in ta zo, tana tambayarsa ko ya sha maganinsa, ba ta jiran amsa.

Can ta ce, "Anti." Ita ma ta ɗauki sunan daga bakin Auta. "Ya daina nishin."

"Wataƙila ya gaji ne."

"Ba na jin komai sai ruwa."

Na kara kunnena a jikin ƙofar.

Mai walda ya iso da injin yankan ƙarfe a kafaɗa, tabarau a goshi. Babu soket a barandar. Matar mai jariri ta jawo doguwar wayar wuta daga ɗakinta, ta gaza kaiwa da kamu ɗaya. Auta ya sauka a guje, ya fizgo wadda aka jona talabijin da na'urar gem, na ji ƙarar wani abu ya faɗi a falonmu, bai ko waiwaya ba. Aka haɗa biyun.

Injin ya ɗauka. Tartsatsi ya watsu har kan zanena, warin ƙonannen ƙarfe ya cika wurin. Na toshe kunne ɗaya, ina jin ta tana cewa wani abu, ba na ganewa. Mai walda ya yanke harshen makullin, ya tura. Ƙofar ta motsa kaɗan ta tsaya. Akwai sakata ta ciki.

"Sama ko ƙasa?" ya tambaya, kamar akwai wanda ya sani a cikinmu.

Ya bi gefen ƙofar da tafin hannu yana turawa, ya gano inda ta riƙe, ya sake kunna injin. Faifan yankan ya ci rabi. Na ga gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya kashe, Dogo ya sa ƙafa, ƙofar ta bugi bango.

Ɗaki ɗaya ne da banɗaki. Kwalaye a jere jikin bango, wasu ba a ko kwance su ba. Ruwa ya malalo daga banɗakin ya jiƙa rabin darduma. Tsohon na kwance a gefensa tsakanin gado da ƙofar banɗaki, siriri, da farar singileti, hannunsa ɗaya a ƙarƙashinsa. Wayar na gaban fuskarsa, fuskarta a fashe, muryar 'yarsa na fitowa ƙasa-ƙasa. Idonsa a buɗe. Gefen bakinsa ya karkace.

Auta ya ture mu ya durƙusa. Ya taɓa wuyansa, ya kara kunne a hancinsa.

"Yana numfashi. Kada a ba shi ruwa, kada a ba shi komai. Baba, matse hannuna." Hannun dama ya matse. Na hagu bai motsa ba. Auta ya ɗago ya kalli yayansa. "Ba za mu jira motar nan ba."

Na ce da ita, "Yana da rai. Mun same shi." Sai na ji wani irin sauti daga bakinta wanda ban taɓa jin irinsa ba, daga wayoyi biyun a lokaci guda.

A bargonsa muka ɗauke shi, maza huɗu riƙe da kusurwoyi, maigadi na gaba yana korar mutane daga matakala. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Aka shimfiɗa shi a bayan motar Dogo, inda ake loda kaya. Na zauna a gefensa, na riƙe masa wayarsa a kunne. Dogo ya bi ta lungunan da direbobi kaɗai suka sani, hannunsa a kan oda. Duk ramin da muka faɗa sai tsohon ya runtse ido. Wani lokaci leɓensa ya motsa, na sunkuya, ban gane ba. Ita ta gane.

"Cewa yake a kashe famfo," ta ce, tana dariya tana kuka.

A asibiti suka karɓe shi da gaggawa, suka rufe ƙofa. Likitar da ta fito daga baya ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, an kawo shi da sauran dama, amma kada a yi wa kowa alkawari. Muka zauna kan benci. Sai a lokacin na lura ba takalmi a ƙafata, kuma tef ɗin awo na rataye a wuyana.

Auta ya matso kusa da ni. Can ya ce, "Anti, da ban kunna ba, da tuni ta ji abin da yake faɗa."

"Da ta ji, sai ta kira wa? Ko lambar ɗakin ba ta sani ba."

"Da ta kira motar asibiti tun da wuri."

"Wadda har muka tafi ba ta iso ba?" in ji Dogo.

Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gamsu ba. Ni ma da na ce masa "ka raba su", ban san ta yadda zan janye ba, sai na miƙa masa ruwan da na saya, ya karɓa.

Washegari da hantsi 'yar ta iso, bayan ta kwana a mota. Na zaci babbar mace ce saboda muryarta, sai ga 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. A barandar asibiti ta tsaya tana kallon fuskoki, na ce, "'Yar'uwa." Ta gane muryar. Ta riƙe ni. Da ta juya wajen Auta, ya sunkuyar da kai ya fara ba ta haƙuri. Ta ce jiya, tana cikin mota, ta yi fushi da shi, ta huce, ta sake yin fushi, har ta rasa wanne ne daidai. Ta ce yanzu dai ta gaji, ya bari sai wani lokaci. Ya ce to.

Sai da aka kwana biyu bakin tsohon ya fara sakuwa. Hannun hagun bai dawo ba, likitoci sun ce sai a hankali, in ma zai dawo. Ranar da muka je duba shi ni da Dogo, 'yarsa na ba shi shayi da cokali. Ta tambaye shi a gabanmu dalilin da ya sa ya rabu da lasifikar. Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Ya ce ta fi ƙarfinsa, madannai sun yi yawa, kuma kunya ta hana shi ce mata ya kasa. Ya kai wa mai gyara ya karɓi ƙaramar rediyo a madadinta.

Sannan ya juyo da idonsa kan Dogo, ya kalle shi tun daga sama har ƙasa.

"Kai ne... ka fasa mini ƙofa?"

"Ni ne, Baba. Ni da mai walda."

"Sabuwa ce fa."

"Za a gyara, Baba."

"Yaushe?"

Dogo ya kalle ni, na kalli 'yar, ta rufe baki da bayan hannu. Ya ce gobe da safe, kafin ya fita aiki. Tsohon ya ce a sa sakatar a inda hannun dama zai kai, sannan ya buɗe baki a ba shi sauran shayinsa.